Komai Ka Ba Shi Zai Ci: Ƙaryar da Ke Kashe Aku a Gidajenmu

Babu tsuntsun da Bahaushe ya ɗaukaka da baki kamar aku, babu kuma wanda ya cuta ta ciki kamarsa. A adabi mun naɗa shi waziri. Duk wanda ya bi ta makarantar boko a ƙasar Hausa ya san akun da Abubakar Imam ya ɗora wa labaran Magana Jari Ce, wanda ya tsare ɗan sarki a gida da daɗin hira, har bakinsa ya kai shi ga sarauta. A zantukan yau da kullum ma da shi muke misalta mai surutu da mai hadda. Amma a leƙa kejin da ke rataye a zauren attajiri, ko a barandar gidan ma'aikaci, ko a ƙofar shagon mai atamfa, a duba gwangwanin da aka ajiye wa wazirin. Gyaɗa ce a ciki: jiya gyaɗa, yau gyaɗa, gobe ma gyaɗa. Ranar da aka yi masa gata sai a jefa masa lomar tuwo da miya, ko ɓarin goro, ko a tsoma masa burodi a shayi. Da wannan ake so ya rayu, ya yi sallama, ya kira sunan uwargida, ya burge baƙi.

Abin da wannan maƙala za ta tsayar a fili yake. Da yawa daga cikin tsuntsayen aku da ke mutuwa a hannunmu, abin da muke zuba musu ne ke kashe su, a hankali, cikin watanni ko 'yan shekaru, sa'annan mu ce kwana ne ya ƙare. Laifin yana wuyan mutum biyu: dillalin da ya sayar da tsuntsun da ƙarya, da mai gidan da ya karɓi ƙaryar don ta yi daidai da son ransa. Kuma wanda ba zai iya koyon abin da aku ke ci ba, ba shi da hurumin rufe shi a keji.

Ƙaryar dillali

A tambayi mai sayar da tsuntsaye abin da aku ke ci, amsar da aka saba ji ita ce, “Ai komai ka ba shi zai ci, ranka ya daɗe.” Maganar tana da ƙafa ɗaya a kan gaskiya, shi ya sa ta fi tsagwaron ƙarya haɗari. Lalle aku zai ci. Tsuntsu ne mai kwaɗayin gwaji, mai son ya ɗanɗani duk abin da ya ga abokin zamansa na kaiwa baki, domin a daji haka ƙanana ke koyon abinci daga manya. Yaron goye ma zai kai ƙasa baki, zai kai sabulu, zai kai kananzir in ya samu, amma ba a taɓa jin uwar da ta kafa hujja da hakan ta ce ɗanta komai yana ci ba. Ci daban, amfanin jiki daban.

Dillalin ya san dalilin da ya sa yake faɗin haka. Da zai ce wa mai saye tsuntsun nan yana bukatar ganye da kayan marmari kullum, da hantsi, da ruwa mai tsabta, da abokin hira, kuma zai iya yin shekara 40 zuwa 60 yana bukatarsu, da rabin masu saye sun mayar da kuɗinsu aljihu. Don haka sai ya sauƙaƙa. In tsuntsun ya mutu bayan shekara biyu, babu mai komawa kasuwa neman diyya. Sau da yawa ma sabon ciniki ake komawa yi.

Abin da kurmi ya saba ba shi

Akun da muka fi sani, mai launin toka da jar wutsiya, baƙo ne a ƙasar Hausa. Gidansa kurmin da ruwa ke sauka kusan shekara: kudancin Gana, gaɓar Neja Delta da dazuzzukan Kuros Riba, Kamaru, Gabon, Kwango, har zuwa Yuganda da yammacin Kenya. A can yakan tashi da asuba cikin garke, ya yi tafiyar kilomitoci yana bin itatuwan da suka nuna. Yana cin 'ya'yan itace da ƙwallayensu, da furanni, da tohon ganye, da ɓawon itace. Abin da ya fi so shi ne jar tsokar kwakwar manja, wadda ke cike da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. A wasu dazuzzukan Kamaru garkunan aku kan sauko fadamun da ke tsakiyar kurmi, su ci tsirrai da ƙasa mai gishirin ma'adinai. Abincin yana canzawa da canjin yanayi, kuma duk maiƙon da ya ci yakan ƙone shi da fiffike kafin rana ta faɗi.

Wannan jikin, wanda aka gina domin shawagi da abinci iri-iri, shi ne muka ɗauko muka sa a kejin da bai kai faɗin tabarmar sallah ba, muka ɗora shi a kan abu ɗaya tak. Ko tsiryar da ke cikin dajinmu na Arewa, wadda ta saba da rani da hunturu, ba ta rayuwa da hatsi kaɗai. Tana bin ɓaure da kanya da furannin itatuwa, ta sauka gonar gero idan ya nuna. Balle baƙon da aka kawo daga kurmi.

Gyaɗa: ƙoshi a baki, yunwa a jini

Ba abin mamaki ba ne mutanen da suka gina dalar gyaɗa a Kano su ɗauki gyaɗa a matsayin gata. Tana da araha, ba ta lalacewa da wuri a ido, aku kuma yana ƙaunarta ƙwarai. Kallon yadda yake riƙe ta da ƙafa ɗaya yana ɓarewa da baki ma abin nishaɗi ne. Sai dai kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne. Tsuntsun da ba ya tashi, yana cin wannan safe da yamma, kitse ne zai taru masa a hanta da jijiyoyin jini. Likitocin tsuntsaye sun daɗe da sanin cewa kumburin hanta da toshewar jijiyoyi na cikin cututtukan da suka fi damun akun keji.

Abin da gyaɗa ta rasa ya fi abin da ta yi wa yawa muni. Ba ta da bitamin A, kuma kalsiyam ɗinta kaɗan ne. Idan bitamin A ya yi ƙaranci, fatar da ta lulluɓe cikin baki da hanci da maƙogwaro sai ta kaurara ta bushe, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Daga nan sai atishawa, da majina mai toshe hanci, da kumburin ido, da fararen ƙuraje a cikin baki. Mai gida ya ce mura ce, iskar hunturu ce. Idan kuma kalsiyam ya ragu a jini, abin da aku mai jar wutsiya ya fi sauran danginsa saurin kamuwa da shi, sai a ga tsuntsu yana rawar jiki, ya faɗo daga sandarsa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. A nan ne wasu kan fara zancen kambun baka da maita, alhali mayen yana cikin gwangwani.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Gyaɗar da ba ta bushe sosai ba, ko aka adana ta a wuri mai laima da zafi, takan yi fumfuna irin wadda masana ke kira Aspergillus flavus, ita kuwa tana fitar da gubar afalatoksin mai lalata hanta. Ta kan tsuntsaye ma duniya ta fara sanin wannan guba. A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila, da aka bi sawu sai aka tarar garin gyaɗar da aka shigo da shi daga Burazil ne sanadi. Suya ba ta kashe gubar, dafuwa ma ba ta kawar da ita. A 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya bayan cin masarar da ta kamu da ita. To, wace gyaɗa ake zuba wa aku a gidajenmu? Sau da yawa wadda aka tsince ce, mai baƙi, mai ɗaci, wadda uwargida ta ga ba ta dace da miya ba. Abin da aka ƙi ba yaro don gudun cuta, shi ake ba halittar da hantarta ba ta kai girman ɗan yatsa biyu ba. Ƙurar fumfunar da ke cikin kwanson gyaɗa kuma tana iya shiga hanyoyin numfashinsa ta yi tsiro a can, cutar da ke da wuyar magani ko a ƙasashen da ke da asibitin tsuntsaye.

Goro da 'yan'uwansa

Idan gyaɗa ta yi kisan mummuƙe, akwai abubuwan da ba su jira. Na farkonsu a wurinmu goro ne, domin shi ne alamar girmamawa a al'adarmu, kuma dattijon da ke ɓara wa akunsa goro yana jin abota yake yi. Goro na ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke hana mai gadi barci, da tiyoburomin, wanda ya sa cakulan ta zama guba ga karnuka da tsuntsaye. Sinadaran biyu suna zaburar da zuciya da jijiyoyi. A yi lissafi mai sauƙi. Aku yakan kai giram 400 ko ɗoriya kaɗan. Mutum mai kilo 60 ya ninka shi sau 150. Ɗan guntun da dattijo zai gutsura ya miƙa ta tsakanin wayoyin keji, a jikin aku daidai yake da mutum ya zauna ya cinye irin wannan guntu 150 a zama ɗaya. Zuciyar tsuntsu kuwa dama can gudu take yi, tana bugawa sau ɗaruruwa a minti. Hukuncin goro shi ne hukuncin shayi da kofi da lemon kwalba mai baƙi da cakulan ɗin da yara ke gutsura masa a ɓoye.

Sai fiya, wadda wasu ke kira abokado, da yanzu ta cika teburan masu kayan marmari a birane. Ga mutum lafiya ce, ga tsuntsu tana da gubar da ke lalata tsokar zuciya, ta tara ruwa a ƙirji, kuma an ga ƙananan tsuntsaye sun mutu cikin kwana ɗaya ko biyu bayan cin ta. Mai gidan da ya ji an ce a ba aku kayan marmari, ya yanka masa fiya da kyakkyawar niyya, shi ne cikakken misalin abincin wani gubar wani. 'Ya'yan da ke cikin tuffa da ɗanyen rogo suna sakin guba irin ta sayanaid. Ɗanyen wake yana da sinadaran da sai an dafa shi suke mutuwa. Albasa da tafarnuwa, in suka yi yawa, suna fasa jajayen ƙwayoyin jini.

Daga nan a koma kan lomar tuwo da miya, wadda ita ce gatan da aka fi yi. Tuwon kansa, in hatsi ne da ruwa, ba shi da laifi sosai. Miyar ce matsalar: gishiri, dunƙulen ɗanɗano, albasa, soyayyen mai, wani lokaci har da kanwa. Ƙodar aku ba a yi ta don tace gishirin da harshenmu ya saba da shi ba. Haka ƙuli-ƙuli, wanda ya haɗa gishiri da haɗarin gyaɗa wuri guda, haka kilishi, haka cincin da biskit. Fura da nono ma, duk da darajarta a wurinmu, tsuntsu ba ya shan mama, cikinsa bai da abin narkar da sukarin da ke cikin madara, yawanta zawo yake jawo masa.

Guba ba ta baki kaɗai take shiga ba. Tsuntsu yana da jakunkunan iska a cikin jikinsa bayan huhu, waɗanda ke sa ya zuƙi abin da ke cikin iska fiye da yadda muke zuƙa. Kejin da aka rataye kusa da murhu, ko a ɗakin da ake kunna maganin sauro, ko inda ake turaren wuta ƙofa a rufe, ɗakin azaba ne. Kaskon zamani wanda abinci ba ya kamawa a cikinsa, in aka bar shi a wuta ya yi zafi fiye da kima, yana fitar da hayaƙin da ke iya kashe tsuntsu cikin mintuna, mutum yana tsaye bai ji komai ba.

Abin da ake tsoro da abin da ya dace

Wani abin dariya mai kama da kuka shi ne, wanda ya ba aku goro ba tare da shakka ba, zai iya tsawata wa yaro don ya miƙa masa barkono. Alhali tsuntsaye ba su jin yaji. Sinadarin da ke ƙona harshen mutum ba ya taɓa nasu, ta hanyarsu ma barkono ke yaɗa irinsa a daji. Jan tattasai da attarugu suna cikin mafi amfanin abin da za a ba aku, domin suna ɗauke da abin nan da gyaɗa ta rasa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba za a auna cikin tsuntsu da harshen mutum ba.

A Turai da Amurka likitoci kan ba da shawarar a dogara da wani haɗaɗɗen abinci da ake sarrafawa musamman domin aku. Samunsa a nan yana da wuya, yana kuma da tsada, amma rashinsa bai zama uzuri ba, domin kasuwar kowane gari tana da abin da ake bukata. Karas, kabewa, dafaffen dankalin Hausa, gwanda da mangwaro suna ba da bitamin A. Ganyen zogale, wanda ke tsaye a bayan ɗakuna da yawa ba mai kulawa, yana da kalsiyam da bitamin A tare. Gero, dawa, masara da acca masu tsabta, a jiƙa ko a dafa ba gishiri, su ne ginshiƙi. Dafaffen wake da ɗan dafaffen ƙwai lokaci-lokaci suna gina jiki, ɓawon ƙwan da aka tafasa aka niƙa kuma yana ƙara kalsiyam. Gwaiba, lemo, kankana da ayaba a ba shi daidai gwargwado saboda zaƙi. Wanda ya samu kwakwar manja sabuwa, ya kawo wa tsuntsun ɗanɗanon gida. Gyaɗa kuwa, in dole ne, ta zama tukuici: ƙwaya biyu ko uku, zaɓaɓɓu, irin waɗanda mutum zai yarda ya ba ɗansa.

Sharuɗɗan da suka rage ba su bukatar kuɗi, lura suke bukata. A wanke ganye da kyau saboda maganin feshi. A san inda aka sayi wake, domin zuba masa maganin ƙwari a rumbu ya yi yawan da a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya. A kwashe ragowar ɗanyen abinci bayan 'yan sa'o'i, tunda zafinmu ba ya barin abu ya kwana. A canza ruwa kullum. A fitar da kejin ya sha hantsi, da inuwa a gefe, domin sai da hasken rana jiki ke iya amfani da kalsiyam, kuma hasken da ya ratso ta gilashin taga ba ya wannan aikin. Tsuntsun da ya saba da gyaɗa zai ƙi sabon abinci da farko, zai watsar, zai yi fushi. A bi shi a hankali cikin makonni, kada a sa shi yunwa don ya saduda.

Masu cewa

Za a ce, “Kakanmu ya yi kiwon aku shekara da shekaru da tuwo da gyaɗa, bai mutu ba.” Shekara nawa? In aka bincika sai a ji biyar, ko takwas, ko goma. Ga tsuntsun da zai iya kai shekara 50, mutuwa a shekara takwas mutuwar ƙuruciya ce. Da ɗan mutum ne da an yi zaman makoki ana tambayar abin da ya same shi. Sa'annan wanda ya daɗe shi ake tunawa, waɗanda suka mutu a watanni shidan farko babu mai ba da labarinsu. Haka mashayin taba kan kafa hujja da tsohon da ya shekara 90 yana busawa, ya manta da waɗanda ke maƙabarta.

Za a ce, “Ai lafiyarsa ƙalau, dubi yadda yake surutu.” Tsuntsu yana ɓoye ciwo. A daji, wanda ya nuna rauni shi shaho ke fara ɗauka, don haka halittarsa ce ya daure ya nuna ƙarfi har sai abin ya ci tura. Ranar da aka ga aku ya kumbura gashi ya zauna a ƙasan keji, ciwon ya daɗe yana cinsa. Wannan ne ya sa mutuwarsa kullum take zuwa wa mai gida kamar ba zato.

Hujja mafi nauyi ita ce ta uku, kuma ta cancanci a saurare ta da mutunci. Za a ce, a ƙasar da yara ke kwana da yunwa, da asibitocin tamowa cike, wane ne ke da lokacin zancen karas ɗin aku? Gaskiya ne yunwar yaro ta fi ciwon tsuntsu nauyi, babu mai hankalin da zai musa. Amma wa ke kiwon aku? Ba mai neman na tuwon dare ba ne. Wanda ya iya fitar da kuɗin sayen aku da kejinsa, ƙwayar karas da reshen zogale ba za su gagare shi ba, kuma babu yaron da zai ƙoshi don an hana tsuntsu ganye. Bayan haka, ilimin ɗaya ne. Gidan da ya fahimci cewa cika ciki da abu ɗaya ba ya hana tamowa, ya fahimci abin da ke damun yaron da aka yaye da kunu zalla. Gidan da ya koyi tsoron gyaɗa mai fumfuna saboda aku, ya tsare hantar 'ya'yansa, domin afalatoksin na cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar hanta ga mutum. Rashin sani, wanda aka ce ya fi dare duhu, ba ya tsayawa a bakin keji.

Amanar keji

Addinin da mafi yawanmu ke bi bai bar wannan magana a buɗe ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Daga labarin ƙanen Anas ɗan Malik, yaron da ke wasa da ɗan tsuntsunsa a Madina, malamai suka ciro halaccin ajiye tsuntsu, suka ɗaure halaccin da sharaɗin ci da sha da rashin cutarwa. Ma'anar a bayyane take. Wanda ya rufe ƙofar keji ya raba tsuntsu da kurmin da ke ciyar da shi, don haka duk abin da kurmin ke yi ya dawo wuyansa. Ciyarwar da ke kashewa a hankali ba ta sauke wannan nauyi, musamman bayan an sani.

Halittar da ake magana a kanta kuma ba dutse ba ce. Akun nan mai suna Alex, wanda masaniya Irene Pepperberg ta yi shekara 30 tana nazari a kansa a Amurka har ya mutu a 2007, ya san kalmomi fiye da 100, yana bambanta launi da siffa, yana ƙirga abubuwa har shida. Irin wannan ƙwaƙwalwa ce ke zaune ita kaɗai a baranda, ba abin tauna, ba abin nema, har tsuntsun ya koma fige gashin ƙirjinsa da kansa don ƙunci. A daji neman abinci shi ne aikinsa na yini. Ba shi masara a jikin totuwarta, ko reshe mai ganye ya ɓare da kansa, ciyar da hankalinsa ne tare da cikinsa.

Kowane aku da ya mutu a keji kuma yana buɗe gurbin da sai an cike shi daga kurmi. Masu kamu kan shafa danƙo a rassa ko su kafa raga a fadamun da garke ke sauka, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka kama ba su kai kasuwa da rai. Daga 1975 an fitar da fiye da miliyan ɗaya daga Afirka ta hanyar da doka ta sani, ban da na fasa-ƙwauri. Binciken da aka yi a Gana ya nuna ƙasar ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akunta daga 1992. A 2016, a taron da aka yi a Johannasbag, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES, wadda Nijeriya na cikinta, suka haramta cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Mai gidan da ke sayen sabon aku duk bayan shekara uku, saboda na baya “bai yi kwana ba”, yana da hannu a wannan ɓarna ko da bai taɓa ganin kurmi ba. Gwangwanin gyaɗa da ragar maharbi igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Kammalawa

Kira na farko ga wanda akun ke hannunsa ne yau. Sakinsa a garin da babu kurmi kashe shi ne, don haka abin da ya rage shi ne gyara: a janye goro da shayi da fiya da miya daga yau, a rage gyaɗa, a kawo ganye da kayan lambu, a fitar da shi hantsi, a gaya wa yara da baƙi abin da ba a miƙa masa. Kira na biyu ga masana ne. Muna da tsangayoyin likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri, muna da cibiyar bincike a Vom. Shirye-shiryen noma da kiwo da ake yi da Hausa a rediyo suna iya ware minti goma ga tsuntsayen keji, kamar yadda ake ware wa kaji da tumaki. Kira na uku ga masu wa'azi ne, waɗanda suka fi kowa sanin labarin kyanwar nan, su kai shi inda ya shafa.

Na ƙarshe ga wanda bai saya ba tukuna, yana dai sha'awa. Ya tambayi kansa ko zai iya yanka karas kowace safiya har shekara 40, ko yana da wanda zai gaji wannan aiki in shi ya riga tsuntsun tafiya, ko kuma ya san ta inda aka kawo tsuntsun. In amsa ɗaya ta gagara, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. Aku yana iya maimaita duk abin da aka koya masa, amma ba a taɓa koya masa yadda zai ce hantarsa na ciwo ba. Wannan magana mai keji ne zai faɗa wa kansa, tun kafin a tambaye shi ita a inda dillali ba zai zo ya ba da shaida ba.